Kayan Cikin Kumbo: Abin da Ya Dace Nijeriya Ta Sa a Gaba a Fasahar Lantarkin Sararin Samaniya, da Rabon Daura a Aikin

Tsakure

Maƙalar nan ta duba kayan lantarkin da ke cikin taurarin ɗan'adam da kumbunan bincike, abin da ke lalata su, inda manyan ƙasashe suka dosa da su, da abin da ya dace Nijeriya ta sa a gaba. Ta ɗauki mutuwar NigComSat-1 a 2008 a matsayin mafari. Matsayin da ta tsaya a kai shi ne ƙasa irin tamu ta fara ƙwarewa a kan wutar tauraro da gwajin kayan kasuwa masu araha, har a san wanda zai jure samaniya, kafin a shiga tseren roka. Daga nan ta nuna ɓangaren aikin da manyan makarantun Daura za su iya ɗauka da abin da ke hannunsu.

Gabatarwa



A garin Daura babu yaron da bai san labarin Bayajida da rijiyar Kusugu ba. Kowa yakan faɗi sunan baƙon, da macijiyar, da Sarauniya Daurama. Kaɗan ne ke tsayawa a kan zangon da labarin ya ce ya yi a Gaya, inda maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya zo da ita. Na fara da wannan ne don haka muke yi wa maganar sararin samaniya. Da an ambace ta, hankali sai ya tafi kan roka mai aman wuta da ɗan sama-jannati cikin farin kaya. Ni kuwa a maƙera nake so mu yini yau, wato wajen ƙananan kayan da ke cikin kumbon, waɗanda idan ɗaya ya ƙi aiki duk tafiyar ta tashi a banza.

Maganar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka ta kafa tashar bin sawun kumbo a Kano, akwai kuma wata irinta a Zanzibar. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, lokacin da John Glenn ya zagaya duniya sau uku, tashar Kano na cikin waɗanda suka bi kumbonsa. A watan Agusta 1963 kuma Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy ta tauraron Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwa mai ɗauke da eriya da ya tsaya a gaɓar Legas. Tun ranar farko muna wurin. Sai dai kayan na wasu ne, masu ƙira da masu gyara ma nasu ne, kuma da suka gama suka naɗe abinsu suka tafi. Tambayar maƙalar nan ita ce wane ɓangare na ilimin kayan nan ya kamata ya zauna a hannunmu.

Abin da ya faru a Nuwamba 2008

An kafa Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, NASRDA, a 1999. A watan Satumba 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk ta ƙasar Rasha. Kamfanin SSTL na Ingila ne ya ƙera shi, nauyinsa kimanin kilo 100, kuma an yi masa lissafin shekara biyar. Ya wuce takwas yana aiki, ya ɗauko hotunan ɓarnar igiyar ruwan Asiya ta 2004 da ta guguwar Katrina a 2005. A watan Mayu 2007 aka harba NigComSat-1 daga Xichang ta ƙasar Sin. Wannan babba ne, nauyinsa ya haura tan biyar, na sadarwa ne, an kai shi nisan kilomita 35,786 inda tauraro ke tafiya daidai da juyin duniya har ya zama kamar a tsaye yake. An yi masa lissafin shekara 15. A Nuwamba 2008, bayan kimanin wata 18, ya mutu.

Roka ta yi aikinta, falakin da aka sa shi daidai ne, na'urorin karɓar saƙo da mayarwa lafiyarsu lau. Matsalar ta fito ne daga ɓangaren fikafikan sola, daga abin da ke juya su su fuskanci rana ya kuma shigo da wutarsu cikin jikin tauraron. Fiffike ɗaya ya fara kasawa, daga baya ɗayan ya bi, batir ya ƙare, tauraron ya yi shiru. Duk wanda ya taɓa sa sola a gidansa ya san irin wannan mutuwar. Fitila tana nan, fanka tana nan, firji sabo ne, amma inbata ta ƙone, gidan ya yi duhu. Bambancin kawai shi ne a gida za a kira mai gyara gobe da safe.

An harba madadinsa, NigComSat-1R, a Disamba 2011, yana zaune a digiri 42.5 gabas, shi ma da lissafin shekara 15 wanda ke cika a ƙarshen 2026. A Agustan 2011 ɗin kuma aka harba NigeriaSat-2, mai iya rarrabe abu mai faɗin mita 2.5 a ƙasa, tare da NigeriaSat-X wanda injiniyoyinmu suka haɗa da hannunsu a ɗakunan aikin SSTL. A 2017 Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta shiga shirin Birds na wata cibiyar fasaha ta Kyushu a Japan, aka fitar da NigeriaEduSat-1, ɗan akwati mai santimita 10 ta kowane gefe.

Idan aka jera waɗannan, abu guda ya fi jan hankalina. Ƙaramin da aka haɗa da kayan da ba su da tsada ya wuce wa'adinsa, babban da aka kashe wa dukiya ya faɗi a kan wuta. Ba na cewa ƙarami ya fi babba, ayyukansu daban ne kuma falakinsu daban. Abin da nake cewa shi ne tsawon ran tauraro yana rataye ne ga yadda aka san halin kowane guntun da ke cikinsa, kuma wannan sanin ana samun sa ne a ɗakin gwaji.

Abin da samaniya ke yi wa na'ura

Mu a ƙasa muna cikin rufin asiri biyu, iskar da ta lulluɓe duniya da kuma ƙarfin maganaɗisun duniya. Wanda ya fita daga ƙarƙashinsu sai ya haɗu da radiyeshan, wato wani irin tartsatsi da ido ba ya gani, wasu daga rana, wasu daga can nesa cikin taurari, wasu kuma maganaɗisun duniya ya kama ya tara su a ɗamarar nan biyu da James Van Allen ya gano a 1958.

Tartsatsin nan yana cin ƙwayar lantarki, wadda masu gyaran waya ke kira aisi, ta hanya biyu. Ta farko a hankali take, kamar yadda gara ke cin azara. Shekara da shekaru caji yana taruwa a cikin ƙwayar, tiransistocinta suna canja hali, tana shan wuta fiye da da, har ranar da za ta daina. Ta biyu farat ɗaya ce. Ƙwayar zarra guda ta ratsa ma'ajiyar kwamfuta ta juya sifili ya koma ɗaya, sai umarni ya sauya ma'ana. Wani lokaci abin ya fi haka muni, tartsatsin ya buɗe wata hanya a cikin ƙwayar wuta ta riƙa kwarara ba tsayawa, idan ba a yanke ta cikin ƙiftawar ido ba ƙwayar ta ƙone. Kumbon Rasha mai suna Phobos-Grunt, da aka harba a Nuwamba 2011 don zuwa ɗaya daga watannin duniyar Mas, bai ko bar kewayen duniya ba, kuma kwamitin binciken Rasha ya ɗora laifin a kan irin wannan tartsatsi da ya taɓa ma'ajiyar kwamfutarsa.

Sai zafi da sanyi. Tauraron da ke ƙasa-ƙasa yana zagaya duniya cikin kimanin minti 90 zuwa 100, wato wajen sau 15 a rana yana shiga inuwa yana fita. Gefen da ke kallon rana ya haura digiri 100, wanda ke inuwa ya yi ƙasa da sifili da kusan haka. Kowane shiga da fita ƙarfe yana buɗewa yana tsukewa, kuma likin darmar da ya riƙe ƙafafun ƙwayoyi yana gajiya. Batir kuwa ana cika shi ana zuƙe shi fiye da sau 5,000 a shekara. Mai waya ya kwatanta da tasa, wadda yake cajinta sau ɗaya ko biyu a rana amma bayan shekara biyu ta fara kumburi. Ga shi babu iska a can, saboda haka fanka ba ta da amfani. Dole zafin kowace ƙwaya ya bi ta jikin ƙarfe ya kai bango, sannan ya fita a matsayin haske.

Akwai wani aibi da nake son ambatawa don ya shafi ma'adinin da muke haƙowa a Jos. Idan aka shafe ƙafar na'ura da zallan kuza, bayan shekaru takan tsiro da wasu siraran gashi na ƙarfe, sun fi gashin mutum siranta, su miƙa har su taɓa maƙwabciyar ƙafa wuta ta haɗu. An danganta lalacewar kwamfutar tauraron Galaxy IV da wannan, wanda mutuwarsa a Mayu 1998 ta katse yawancin na'urorin karɓar gajeren saƙo na Amurka. Maganinsa shi ne a gauraya kuza da darma. To amma tun 2006 dokar Tarayyar Turai ta hana darma a yawancin kayan lantarkin kasuwa saboda lafiyar mutane. Ma'ana, ƙwayar da za ka saya a kasuwa yau ta fi ta da hatsarin tsiro da gashin nan, kuma duk mai son kai ta samaniya sai ya san yadda zai sake mata shafe.

Inda manyan ƙasashe suka dosa

Shekaru da dama amsar da Amurka da Turai suka bayar ita ce a ƙera ƙwayoyi na musamman masu taurin kai. Mafi shahara ita ce RAD750 ta kamfanin BAE, wadda ke tuƙa motocin Curiosity da Perseverance a duniyar Mas. Saurinta bai wuce megahaz 200 ba, kuma asalin ƙirarta daga wata ƙwayar kwamfuta ce ta 1997. Wayar da ke aljihun kowa ta ninka ta sauri sau da yawa. Duk da haka farashinta ya kai ɗaruruwan dubban daloli, kuma dokokin Amurka na fitar da kayan tsaro sun sa ba kowace ƙasa ake sayar wa irinta ba. Kumbon Juno da ke kewaya Mushtari har akwatin ƙarfen titaniyam aka yi wa kayansa, mai kaurin kusan santimita guda.

Wannan hanya ta kai iyakarta, domin ayyukan da ke tafe suna bukatar kumbo ya yi tunani da kansa. Saƙo daga Mas yakan ɗauki daga minti 3 zuwa 22 kafin ya iso, don haka kumbon da ke sauka ba shi da lokacin jiran shawara. Shi ya sa a 2022 NASA ta ba kamfanin Microchip kwangilar dala miliyan 50 don ƙera sabuwar ƙwaya da ake so ta ninka na yanzu aƙalla sau 100, ta kuma iya rage shan wuta idan aiki ya yi sauƙi. An gina ta a kan tsarin RISC-V, wanda buɗaɗɗe ne, kowace jami'a tana iya koyar da shi ta yi ƙira a kansa ba tare da biyan kowa ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, kuma ina roƙon malaman sassan lantarki su lura da shi.

Hanya ta biyu ta fi kusa da aljihunmu. Ranar 19 ga Afrilu 2021 wani ɗan jirgi mai saukar ungulu, Ingenuity, mai nauyin kilo 1.8, ya tashi a duniyar Mas. Ƙwaƙwalwarsa Snapdragon 801 ce, irin wadda aka sa a wayoyin hannu na wajen 2014. An shirya masa tashi biyar, ya yi 72, kuma da ya tsaya a Janairu 2024 farfelarsa ce ta karye, ƙwayar tana nan da ranta. Dabarar ita ce ba a bar ƙwayar wayar ita kaɗai ba. An haɗa ta da wasu ƙananan na'urori masu juriya da ke sa mata ido, idan ta rikice a kashe ta a kunna. Jami'ar Surrey ta fara wannan tunanin tun 1981 da tauraronta UoSAT-1 ƙarƙashin Martin Sweeting, kuma NigeriaSat-1 jikan wannan tunanin ne.

Sauran abubuwan da ake tsere a kansu zan ambace su a gurguje. Ana sa wa tauraro basirar tace hoto tun yana sama, kamar PhiSat-1 na Turai a 2020 wanda ke zubar da hotunan da gajimare ya rufe kafin ya aiko. Ana komawa sadarwa da hasken leza, kuma a Disamba 2023 kumbon Psyche ya aiko da bidiyo daga nisan kilomita miliyan 31 da saurin megabit 267 a daƙiƙa. Ana kuma gwada ƙwayoyin silikon-kabaid don Zara matar wata, inda zafin ƙasa ya kai digiri 460 kuma kumbon Venera 13 na Tarayyar Sobiyet minti 127 kawai ya yi a 1982. Cibiyar Glenn ta NASA ta riƙe irin waɗannan ƙwayoyi suna aiki kwana 60 a ɗakin da aka mayar kamar can.

Amma labarin da ya fi taɓa ni na Voyager 1 ne. An harba shi a 1977. A Nuwamba 2023, yana nisan fiye da kilomita biliyan 24, ya fara aiko da saƙo marar ma'ana. Injiniyoyi suka gano ƙwayar ma'ajiya guda ce ta mutu. Ba mai iya zuwa ya canja ta, kuma kowane umarni sai ya yi awa 22 da rabi a hanya. Sai suka rarraba manhajar da ke cikinta gunduwa-gunduwa suka cusa a sauran guraben da ke da rai, a Afrilu 2024 kumbon ya dawo hayyacinsa. Sun iya hakan ne saboda cibiyar da ta ƙera shi ita ke riƙe da shi, da takardunsa, da mutanen da suka san kowane lungu na ma'ajiyarsa.

Abin da nake ganin mu sa a gaba

Ba za mu gina masana'antar ƙwayoyi a nan kusa ba, kuɗinta biliyoyin daloli ne, kuma ƙasashen da suka fi mu arziki ma saye suke yi daga Taiwan da Koriya ta Kudu. Ina ganin ɓata lokaci ne a sa wannan a sahun farko. Abin da za mu iya, kuma wanda zai hana a maimaita 2008, shi ne wuta. Ina nufin na'urar da ke karɓar wutar sola ta daidaita ta, ta cika batir ba tare da ta cutar da shi ba, ta rarraba wa sassa, ta kuma yanke wa duk sashen da ya fara zuƙa fiye da ƙima kafin ya ja sauran. Wannan ilimi ne da ba ya ɓata ko da ba a harba komai ba, domin shi ne dai ilimin da rijiyar burtsatse mai sola da asibitin karkara ke nema. Na taɓa rasa inbata biyu a bazara ɗaya a gidana, kuma da aka buɗe su, kafasitocin da ke ciki an yi su ne don ƙasar da ba ta san zafin Afrilunmu ba. Tun ranar nake ganin injiniyan da ya iya ƙera abin da zai jure rufin kwano a Mai'aduwa ya yi rabin tafiya zuwa samaniya.

Na biyu, kuma shi ne zuciyar maƙalar, gwaji. Ƙwayar kasuwa tana da araha, amma ba a san halinta a gaban radiyeshan ba sai an gwada, kuma ƙwayoyi biyu masu suna ɗaya daga zubi daban suna iya bambanta. Ƙasashen da suka yi nisa da ƙananan taurari suna da kundin da suka tara na wace ƙwaya ta jure, wace ta faɗi, a wane mataki. Abin mamaki shi ne muna da wasu daga kayan wannan aiki, a warwatse. A Sheda kusa da Abuja akwai cibiyar haska kaya da gamma ta kobal-60, kuma kobal-60 ɗin ne duniya ke amfani da shi wajen auna lalacewar nan ta a hankali. A Zariya cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004. A Ile-Ife akwai na'urar harba ƙwayoyin zarra. Gwajin da ya fi ƙarfin waɗannan ana iya kai shi iThemba a Afirka ta Kudu. Abin da nake kira a yi shi ne tsari guda da zai haɗa su da NASRDA da jami'o'i, a fara rubuta kundin namu. Yanzu da aka buɗe Hukumar Sararin Samaniya ta Afirka a Alƙahira a Afrilu 2025, irin wannan kundi kaya ne da za mu shiga kasuwa da shi.

Na uku ya shafi irin idon da za mu sa wa taurarinmu. Kyamara tana makancewa sau biyu a shekara a ƙasarmu. Da damina, lokacin da aka fi bukatar ganin gero da dawa da ambaliya, gajimare ya rufe. Da hunturu ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi ta mayar da sama fari fat. Rada kuwa tana ratsa duka biyun, dare da rana, kamar yadda Sentinel-1 na Turai ke yi tun 2014. Sai dai rada mai cin wuta ce, wanda ya sake mayar da mu kan batun farko.

Akwai kuma misalin Brazil da ya kamata mu yi nazari. A Fabrairu 1993 ta harba SCD-1, ɗan tauraro marar kyamara, aikinsa kawai ya tattaro gajerun saƙonni daga ma'aunan ruwan sama da na koguna da aka dasa a daji ya miƙa wa tasha. Shekara guda aka yi masa lissafi, ya haura 30 yana aiki. Irin wannan zai iya gaya wa Katsina kowace safiya tsayin ruwan dam ɗin Sabke da na Daberam, da zurfin ruwan rijiyoyin Baure da Zango, da ko shukar Babbar Ganuwar Itatuwa tana samun danshi.

Rabon Daura

Masu sauraro za su ce, to ina ruwan Daura? Daura tana da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashinta a Disamba 2019, tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, ta nan ya biyo. Sufurin zamani kuwa a kan tauraro yake tafiya. Jirgin sama, da jirgin ƙasa, da tirelar da ta tsallaka Kwangwalam, duk suna dogara da saƙon GPS da ke saukowa daga nisan kilomita 20,200.

Saƙon nan sai ya ratso wani ɓangare na sama mai caji da ake kira ayonosfiya, kuma a nan ne matsayin garin nan a taswira ya zama abin amfani. Ikwaitar maganaɗisun duniya ta ratsa tsakiyar Nijeriya, Daura kuma, a wajen digiri 13 arewa, tana ɗan sama da ita. A wannan yanki, bayan faɗuwar rana, ayonosfiya takan yi wasu kumfa da ke sa saƙon tauraro ya riƙa rawa, wani lokaci na'ura ta rasa shi gaba ɗaya. Abin ya fi tsanani a watannin da dare da rana ke daidaita, da kuma shekarun da rana ke kan ganiyarta a zagayenta na shekara 11. Farfesa Cyril Onwumechili ya yi suna a duniya da binciken wutar da ke gudana a saman wannan ikwaita tun yana Ibadan. Guguwar rana ta Fabrairu 2022 ta kayar da 38 daga cikin sabbin taurarin Starlink 49, ta Mayu 2024 kuma ta rikita taraktocin manoman Amurka masu bin GPS ana tsakiyar shuka. Na'urorin da muke saye an daidaita su ne da saman Turai da Amurka. NigComSat-1R yana ɗauke da sashen gyara kuskuren GPS, an kuma gwada shi tare da hukumar ASECNA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama a ƙasashen Afirka da dama, amma gyaran ba ya inganta sai da ma'aunai a ƙasa. Tsakanin Kano da Damagaram wuri ne da ya cancanci ma'auni na dindindin.

Saboda haka shawarata ga makarantun nan biyu ita ce su fara da tasha a ƙasa. Na'urar karɓar GPS mai zango biyu, da ma'aunin maganaɗisu, da eriya mai bin ƙananan taurari, da ƴar rediyon da ake sarrafawa da manhaja, duka kuɗinsu bai kai na motar ofis guda ba. Ɗalibin da ya kama hoton gajimare kai tsaye daga tauraro da eriyar da ya lanƙwasa da hannunsa ya fara zama injiniyan samaniya a ranar. A gefen tashar a yi ɗakin gwajin wuta, da tanda da firjin da za su riƙa kai allon lantarki zafi da sanyi sau dubbai, da teburin girgiza. Rufin ginin kansa wurin gwaji ne, domin rana mai haura digiri 40 a bazara da ƙurar hunturu kyauta muke samun su.

A nemo masu hannu kuma. Yaran da ke gyaran waya a kasuwar Daura da Farm Centre ta Kano suna cire aisi mai ƙafafu fiye da ɗari su mayar da ita da iskar zafi da ɗan madubi. Likin kayan samaniya yana da ƙa'idoji masu tsauri da takardar shaida, kuma kwalejin kimiyya ce ta dace ta ɗauko waɗannan matasa ta koya musu ƙa'idar ta ba su shaidar. Injiniya mai digiri yana zana allo, amma wani ne ke liƙa shi, kuma tauraro yakan mutu ne a wurin likin.

Sharaɗi guda ne ba a sassauta shi a aikin ma'auni, wato kada a yanke. Bayanan ayonosfiya na wata uku ba su da daraja sosai, na shekara 11 a jere kuwa masu bincike daga ko'ina za su zo nema. Wannan yana nufin tashar ta kasance da solarta da batirinta, da layi a kasafin kuɗin makaranta wanda sauyin shugabanci ba zai share ba, da mutum biyu aƙalla da suka san kowace waya a cikinta, da littafin da ake rubuta duk abin da ya lalace da ranar da ya lalace da dalili. Rana ta kai ganiyar zagayenta na yanzu a wajen 2024, ta gaba kuma ana sa ranta a tsakiyar shekarun 2030. Idan aka kunna ma'aunin a Daura nan ba da jimawa ba, zai kama saukar wannan zagaye da hawan na gaba, kuma ɗaliban da suka ɗaura eriyar su ne za su karanta sakamakon a matsayin malamai.